Daga SAP zuwa Anchor: wa zai ba manomin shinkafa bashi?

Jiya a hanyar Argungu na tsaya ina kallon fadama, sai na tuna ranar 17 ga Nuwamba, 2015, da Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers. Matasa da yawa suna ɗauka a nan labarin ya fara. A'a, jama'a, ya girmi haka.

A 1977 gwamnatin soja ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, ana kuma ƙayyade musu kason bashin da za su ba noma, ko sun so ko sun ƙi. Da Babangida ya kawo SAP a 1986, aka sakar musu mara: 1987 aka bar kuɗin ruwa a hannun kasuwa, lasisi ya yi araha, bankuna suka haura ɗari. Amma ina suka kai kuɗin? Cinikin dala a Legas. Wa zai bar ribar kwana uku ya jira shinkafar wata huɗu da ambaliya ka iya cinyewa? Sai Soludo ya ce jarin biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North ma ya narke cikin Unity Bank.

To, giɓin nan ne Babban Banki ya shigo ya cike da kansa. Ya hana masu shigo da shinkafa dalarsa, ya ba manoma bashi a kan kashi 9, aka rufe iyakoki a 2019. Gaskiya mun ga canji: Labana na aiki a Birnin Kebbi, Osinbajo ya buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, Lake Rice ta shiga kasuwar Legas. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa sun ɗauki bashin nan rabon gwamnati ne, har da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Kaso mai yawa na bashin ba a biya ba.

A Oktoban 2023 Cardoso ya ɗage takunkumin dalar, ya kuma ce Babban Banki ya daina irin wannan rance. Bankunan kasuwa kuwa ba su dawo ba. Ƙanena ya nemi rancen noman rani bana, suka ce ya kawo takardar gida. Ƙarshe wajen dillali ya karɓi taki da fetur, zai biya da buhunan shanshera in an yi girbi, a farashin da dillalin ya yanka.