YADDA IYAYENMU SUKA ZAUNA A DUGABAU, DA YADDA SUKA GINA ƊAKIN SUJADA

Yawancin waɗanda suka cika majami'a a wannan biki na shekara hamsin ba a haife su ba sa'ad da aka kafa ekklesiyar nan. Saboda haka kwamitin biki ya ga ya kamata mu rubuta kaɗan daga irin zaman da iyayenmu suka yi, gama wanda bai san halin da suke ciki ba, ba zai gane nauyin abin da suka bayar ba.

Bishara ta jima kafin ta sami hanya a ƙasar Kano, domin gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan zama cikin masarautu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mishan ɗin SIM kuwa ya sami shiga Kano a 1933. Aikin jinyar kutare a Yadakunya ya biyo baya, haka kuma asibitin ido na Kano a 1943. Daga tashoshi irin su Ƙaraye, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, masu bishara suka riƙa ratsa ƙauyukan yammacin Kano a ƙafa ko a keke. A 1954 ekklesiyoyin SIM suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA. Waɗanda suka fi karɓar Maganar su ne kakanninmu da ake kira Maguzawa, manoma masu manyan gidaje a bayan gari.

Gida ɗaya a wancan zamani kusan unguwa ne. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansu duk suna cikin shinge ɗaya, kowa da sashensa. Da safe a fita gandu gaba ɗaya, sai an tashi daga nan mutum ya wuce gayaunarsa. Dawa da gero su ne abinci, gyaɗa da auduga su ne kuɗi. Ba a auna arzikin mutum da abin da ke aljihunsa, sai a dubi rumbunansa, a tambayi dami nawa ya ɗaure bana. Tun da asuba ƙarar taɓarya ke tashe yara, mata na surfe, wasu na niƙa a dutse, 'yan mata kuma sun nufi rijiya da tulu. Da dare tsofaffi su zauna kaɗi da mazari a hasken acibalbal, yara na kewaye da su ana tatsuniya. Muna marmarin wannan zama, amma kada marmari ya rufe mana ido: kurkunu yakan kwantar da manomi da tsakiyar damina, ƙyanda da sanƙarau sukan shiga gida su fita da yara, mai haihuwa kuwa in abin ya yi tsanani sai a nemi jaki ko amalanke zuwa bakin titin Gwarzo.

Shekarun da aka fara taruwa a nan ba shekarun ƙoshi ba ne. Farin 1972 zuwa 1974 ya kwashe abin da ke rumbuna. A 1973 aka canja kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya zama kwabo goma, tsofaffi suka yi ta ruɗewa a kasuwannin Gwarzo da Getso. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta tafi ke nan. Haraji da jangali kuwa suna nan a wuyan talaka har 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano.

A cikin wannan ƙunci ne iyayenmu mata suka yi abin da ba a cika ambata ba. A gidajen Maguzawa dafa giya sana'ar mata ce, da ita mace take sayen zane, ta haɗa kayan ɗakin 'yarta, har ta cike wa mijinta kuɗin haraji. Wadda ta shiga ajin baftisma sai ta kifa tukwanenta. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, ta kuwa san abin da take bari. Wasu suka koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wasu daddawa, wasu kiwon awaki, ribar kuma ba ta kai ta dā ba. Maza ma sun sha nasu: wanda ya ƙi ba da kaza ko ɗan akuya don tsafin gida kafin shuka, 'yan'uwansa sukan ɗora masa laifin duk wani fari ko ciwo da ya biyo baya. A ganinmu, in ana lissafa waɗanda suka kafa ekklesiyar nan, da matan nan ya kamata a fara.

Ɗakin sujada na farko da gayya aka yi shi, kamar yadda ake yi wa kowa ɗaki. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suka ɗebo ruwa, samari suka yanko ciyawa aka ɗora jinka. Kujerun dakali ne na ƙasa, maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. Ƙararrawa kuwa wani tsohon ƙarfe ne da aka rataye a reshen itace. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke gayyar noma tare, muna zuwa sunansu da jana'izarsu suna zuwa namu, wasunsu sun sa hannu a aikin. Ya kamata 'ya'yanmu su san haka.

Baiko ba kullum kuɗi ba ne. Akan kawo ƙwai, ko mudun dawa, ko ƙullin gyaɗa. Da kaka mai bi yakan ware dami ɗaya cikin goma ya kawo, a zuba a rumbun ekklesiya, daga nan ake ciyar da mai bishara da baƙi da gwauraye. Mai bisharan shi ma manomi ne, ran gayyarsa kowa ya fito da fartanya. Shi ne kuma malamin karatu: bayan tuwon dare manya masu furfura su zauna da fitilar ƙwai suna haɗa baƙi da wasali, burin kowa ya buɗe Littafi da Littafin Waƙoƙi da kansa. Gidan da ke da rediyo yakan cika da yamma don jin shirin Hausa na Muryar Bishara, wanda ake watsawa daga Adis Ababa har aka rufe tashar a 1977. Da aka buɗe makarantun UPE a 1976, gidajen masu bi ba su yi jinkirin tura yara ba, har da 'yan mata.

Karatun nan shi ya kai 'ya'yanmu Kano da Kaduna da Abuja, muna kuwa godiya. Amma gandu ya watse, gonaki sun rarrabu, rumbun ekklesiya ya koma ambulan, wasu jikokin kuma Hausa tana yi musu nauyi a baki. Daga cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ɗakin farko, 'yan kaɗan ne suka rage. An tanada musu kujerun gaba ran Lahadin godiya, bayan sujada kuma za su zauna a inuwa tare da matasa da Zumuntar Mata, domin a rubuta sunayen waɗanda suka riga mu gida, maza da mata, gida gida.