Herpes na al'aura da haɗarin kamuwa da HIV

Herpes na al'aura cuta ce da ake ɗauka ta hanyar jima'i, kuma ƙwayar HSV-2 ce ke haddasa mafi yawanta. Ƙwayar takan zauna a jiki har ƙarshen rayuwa. Lokaci-lokaci takan fito da ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su zama gyambo, amma yawancin masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kimanin mutum miliyan 491 masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HSV-2, kuma Afirka ce yankin da ta fi yaɗuwa.

Girman haɗarin

Bincike ya nuna cewa mai ɗauke da HSV-2 ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar kamuwa da HIV, ƙwayar da ke kawo ƙanjamau, da kusan ninki uku. Haɗarin ya fi tsanani ga wanda bai daɗe da kamuwa da herpes ba.

Dalilai

Gyambon yana buɗe wa HIV ƙofa a fatar al'aura. Haka kuma, garkuwar jiki tana tura ƙwayoyin CD4 zuwa wurin domin su yaƙi herpes, alhali su ne ƙwayoyin da HIV ke shiga ta hayayyafa a cikinsu. Suna iya zama a wurin makonni da dama bayan fatar ta warke, don haka haɗarin ba ya gushewa da warkewar gyambo.

Magani da kariya

Maganin acyclovir yana rage fitowar ƙuraje, amma ba ya kawar da ƙwayar. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2008, ɗaya daga cikinsu a Tanzaniya, sun nuna cewa shansa kullum bai rage kamuwa da HIV ba. Saboda haka ake ba masu herpes shawarar yin gwajin HIV, amfani da kwaroron roba, da ƙaurace wa jima'i lokacin da ƙuraje suka fito. Maganin rigakafi na PrEP yana ba da kariya mai ƙarfi daga HIV, kuma gwaji a Yuganda ya nuna kaciyar maza tana rage kamuwa da ƙwayoyin biyu.