Takardar Kuɗi Bayan Mutuwarta: Darasi Daga Iyakar Jibiya



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan canji a Magama, bakin iyakar Jibiya a kan hanyar Maraɗi, ya san darajar takardar kuɗi tana ga hukumar da ta buga ta. Ranar da hukuma ta janye hannunta, takarda ta mutu. Tambayarmu ita ce, mene ne ke saura bayan mutuwar?

Ƙasar nan ta sha ganin haka. Fam na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ya sauka ya bar wa na Babban Bankin Nijeriya a 1959. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sake takardu don a kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya a bakin naira biyu. Amma canjin da ya fi taɓa mutanen iyaka shi ne na Afrilun 1984, sa'ad da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardu, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, ta kuma rufe iyakoki har 1986. Fatake da dama a Maraɗi suka wayi gari da nairar da ba ta sayen ko goro.

To, irin waɗannan takardu ne masu tara tsofaffin kuɗi ke nema. Abu uku suke dubawa: ƙarancin takarda, lafiyar jikinta, da tarihinta. Alal misali, naira ashirin ta 1977, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Murtala, ita ce ta farko da ta ɗauki hoton ɗan ƙasa. Haka kuma ƙananan takardun da suka gabaci 2007, shekarar da aka cire musu rubutun ajami, sun zama shaida cewa Hausa ta taɓa hawa kansu da baƙaƙen Larabci.

Sai dai kada a ruɗe ku. Takardar da aka buga da yawa, ta kuma sha hannu a kasuwa, ba ta da tsada komai tsufanta. Amfaninta yana ga mai nazari. Saboda haka in kun tarar da ita a adakar kakanninku, kada ku ƙona, kada ku ninke ta. Ku rubuta sunan mai ita da dalilin da ya hana shi canzawa.