Sifar Ƙidamu da Tambayar "Wa Ya Halicci Allah?": Nazari Daga Zaurukan Karatu na Ƙasar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayar da kan faɗo wa yaro da babba: in Allah ne Ya halicci komai, Shi kuma wa ya halicce Shi? An bi hanyar nazarin matani, daga hadisai zuwa littattafan tauhidi da aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, aka kuma ɗauko misali daga harkar hatsi a Dawakin Tofa. Maƙalar ta gano cewa umarnin hadisi na a daina biye wa waswasi da hujjar hankali ta malaman tauhidi ba sa karo da juna, domin kowannensu da irin mutumin da yake yi wa magani.

1.0 Gabatarwa

Masu karatun boko da yawa sun ɗauka daga Turai wannan tambaya ta zo. Gaskiya ne Bertrand Russell ya kafa hujja da ita a laccar da ya yi a Landan a 1927, Richard Dawkins kuma ya sake tayar da ita a littafinsa na 2006, kuma ta waɗannan hanyoyi ne take shiga wayoyin samarinmu a yau. Sai dai ta riga su da ƙarnuka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya faɗi yadda Shaiɗan kan bi mutum da tambayoyi a kan halittu ɗaya bayan ɗaya har ya kai shi ga Mahalicci, ya kuma yi umarni da a nemi tsari a tsaya. A wata ruwaya ta Abu Dawuda an ƙara da ambaton sifofin da ke cikin Suratul Ikhlas, waɗanda ke kore haihuwa da tamka daga Allah. Wato tun a nassi an haɗa neman tsari da amsa.

2.0 Yadda Ilmin Ya Iso Zaure

Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai a ƙasar Kano yakan gamu da aƙida tun a babin farko na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 996). Amma littafin da ya fi tasiri a wannan fanni shi ne Ummul Barahina na Muhammad bin Yusuf Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Shi ne ya jera sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah, ya raba hukuncin hankali uku: wajibi, mustahili da ja'izi. A ƙarshen ƙarni na 17 Muhammad Alwali na Bagarmi ya rubuta Manhajul Farid, inda ya mayar da sharhin da ake yi wa littafin Sanusi da Fulatanci zuwa Larabci. Ta irin waɗannan hanyoyi kalmomin "ƙidamu" da "baƙa'u" (rashin farko da rashin ƙarshe) suka zauna a bakin malaman zaure.

3.0 Hujjar Ƙidamu

Ƙidamu na nufin samuwar Allah ba ta da farko. Hujjar tana farawa ne daga gyara ƙa'idar da mai tambaya ya ɗauko. Malaman tauhidi ba su ce duk abin da yake samamme yana da mai samarwa ba. Abin da suka ce shi ne duk fararre, wato abin da babu shi sannan ya kasance, shi ne mai bukatar wanda ya fare shi. Da Allah fararre ne, da Ya bukaci mai samarwa, shi ma wancan ya bukaci wani. Daga nan ɗayan biyu ne: ko a yi ta komawa baya ba iyaka, abin da suke kira tasalsuli, ko a kewayo a ce na farko ya samar da na biyu, na biyu ya samar da na farko, abin da suke kira dauru. Duka biyun mustahili ne.

Wanda ya san kasuwar Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, zai fi saurin gane dalili. A ce mai saye ya nemi buhun gero wurin dillali, dillali ya ce ba shi da shi sai ya aro a rumfar maƙwabcinsa, maƙwabcin ma ya ce sai ya aro. Idan kowa a layin mai aro ne, ko sun kai dubu, ko ba su ƙirguwa, buhu ba zai taɓa sauka gaban mai saye ba. Tsawon layi ba ya haifar da gero. In kuwa aka ga buhu a ajiye, tabbas akwai wanda geron nasa ne, bai aro a wurin kowa ba. Samuwar halittu aro ce: manomi ya samu daga iyayensa, zangarniya daga iri, iri daga zangarniyar bara. Tunda ga duniya nan a gabanmu, dole akwai Wanda samuwarSa ba ta aro ba ce. Misali dai ba ya tafiya da ƙafa huɗu, kuma Allah Ya ɗaukaka daga kama da halitta, amma wannan shi ne abin da Ibn Sina (ya rasu 1037) ya kira wajibin samuwa, kuma gare shi Imamu Gazali (ya rasu 1111) ya kai ta hanyar hujjar faruwar duniya, duk da saɓanin da ke tsakaninsu a kan ko duniya tana da farko.

A nan ne raunin tambayar yake bayyana. Mai cewa "wa ya halicci Allah" ya riga ya sa Shi a layin masu aro kafin ya buɗe baki. Duk abin da aka halitta kuwa ba shi ne Musulmi yake kira Allah ba.

Akwai mai cewa, kamar Russell, me zai hana duniyar kanta ta zama marar farko? Amsar mazhabar Sanusi ita ce duniya ba ta rabuwa da sauyi, motsi da tsayawa, rani da damina, kuma abin da ba ya rabuwa da fararrun halaye shi ma fararre ne. Wannan gaɓa ita ce masana falsafa suka fi ja a kanta, kuma ita ce ya kamata ɗaliban jami'a su fi zurfafawa a ciki.

4.0 Matsayin Shehu Usmanu

Ilmin nan ya taɓa zama fitina a ƙasar Hausa. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) an sami wasu ɗaliban ilmin kalamu da ke kafirta talakawa saboda ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda suke a littafi ba, har suna ƙin cin yankansu. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, daga ciki har da Hisnul Afham, yana nuna cewa wanda ya yi shahada ya tsai da ibada Musulmi ne, ba a tone zuciyarsa da jarrabawa. Amma bai jefar da ilmin ba, shi da kansa ya rubuta Usulud Din.

A ganin mai wannan nazari, wannan matsayi shi ne mabuɗin haɗa hadisi da hujja. Mutum biyu ne ke yin tambayar. Na farko mai waswasi ne, tunanin yana zo masa ba da sonsa ba, yana kuma ƙinsa. Irinsa ne sahabban da suka kai kuka a ruwayar Muslim, aka kwantar musu da hankali cewa ƙyamar da suke ji alamar imani ce. Maganinsa neman tsari da kau da kai, domin kowace amsa ƙara masa wata tambaya take yi. Na biyu kuwa shubuha ce ta shige shi daga karatu ko muhawara, maganinsa hujja ce, domin tsawa ba ta fitar da shubuha.

5.0 Shawara

Yaron da ya tambayi malaminsa wannan tambaya a Islamiyya, ko a Dawakin Tofa ko a cikin birni, yawanci ba ya cikin kashi na farko, neman sani yake yi. In aka daka masa tsawa zai yi shiru, amma zai kai tambayar intanet, inda mai amsa ba lallai ya san Sanusi ba. Ana kira ga masu tsara manhajar makarantun Islamiyya da na tsangaya a Jihar Kano su sanya darasin ƙidamu da Hausa mai sauƙi tun a ajujuwan farko, a kuma horar da malamai su iya bambance mai waswasi da mai neman hujja kafin su ba da amsa.