Tarihin Wakilcin Launin Fata da Ƙabila a Finafinan Barkwanci na Iyali a Hollywood

Finafinan barkwanci na iyali su ne waɗanda ake shiryawa domin yaro da babba su kalla tare su yi dariya. A Amurka, shekaru da dama iyalin da ake nunawa a cikinsu farar fata ne, baƙar fata kuwa sai dai kuku ko direba ko mai reno.

Doka ma ta taimaka wa hakan. Ƙa'idojin tace finafinai na Hays, da aka fara aiki da su gadan-gadan a 1934, sun hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, kuma sai a 1956 aka cire wannan sharaɗi. A 1946 kamfanin Disney ya fitar da Song of the South, amma jarumin fim ɗin, James Baskett, bai halarci bikin fara haska shi a Atlanta ba saboda wariyar launin fata. Ko da Guess Who's Coming to Dinner na Sidney Poitier, labarin soyayya tsakanin fari da baƙi, ya fito a 1967, watanni kaɗan ke nan da Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana auratayya tsakanin fari da baƙi.

Kasuwa ce ta buɗe ƙofar, fiye da tausayi. Whoopi Goldberg a Sister Act na 1992 da Eddie Murphy a Dr. Dolittle na 1998 sun nuna cewa baƙar fata na iya jan fim ya tara riba. A 2001 Robert Rodriguez ya ɗora Spy Kids a kan iyali 'yan asalin Latin Amurka. Shekara guda bayan haka My Big Fat Greek Wedding, wanda aka kashe wa dala miliyan 5, ya tara sama da miliyan 360 a duniya.

Sai dai shiga fim daban, fitowa da mutunci daban. Larabawan Amurka sun koka da waƙar buɗe Aladdin na 1992, har Disney ya sauya baitin a kaset ɗin 1993. A 2013 kamfanin ya nemi mallakar sunan bikin tunawa da matattu na Meziko, ya sha suka ya janye. Daga baya aka ɗauko masana al'adar suka ba da shawara wajen shirya Coco na 2017, fim ɗin da aka yi a kan wannan biki. Afirka kuwa, a Coming to America na 1988, ƙagaggiyar masarauta ce mai suna Zamunda, giwaye na yawo a harabar fada. Ko a kashi na biyu na 2021, inda Davido ya fito, ba ta sauya sosai ba.

Sauyin ya fi bayyana a tsofaffin labaran da aka sake shiryawa. Cheaper by the Dozen da Father of the Bride duk sun fara fitowa a 1950 da iyalai farar fata. A 2022 na farkon ya dawo da uwa baƙar fata da uba farar fata, na biyun kuma da iyali 'yan asalin Kyuba, Andy Garcia ne uban amarya.