Gyaran Hoto a Kan Windows XP da Windows 7

Gyaran hoto a kan tsohuwar babbar manhaja shi ne amfani da manhajoji irin su Photoshop, GIMP ko Paint.NET a kwamfutar da babbar manhajarta ta fita daga kulawar kamfanin da ya ƙera ta. An fi samun haka a Windows XP, wadda Microsoft ya fitar a watan Oktoban 2001 ya kuma daina tallafa mata ranar 8 ga Afrilun 2014, da Windows 7 ta shekarar 2009, wadda wa'adinta ya cika ranar 14 ga Janairun 2020. Cikar wa'adi ba ta hana kwamfuta kunnuwa, kuma manhajar da ke kanta tana ci gaba da aiki kamar da. Abin da ke tsayawa shi ne gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar tsaro. Daga nan masu ƙera sauran manhajoji su ma sukan janye hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Manhajar gyaran hoto ba ta cin gashin kanta. Duk lokacin da za ta buɗe fayil, ko ta nemi wuri a ma'adana, ko ta aika hoto ga na'urar bugawa, sai ta bi ta hannun babbar manhaja, ta hanyar wasu fayilolin da ake kira DLL. Idan sabuwar manhaja ta nemi wani aikin da ba a riga an ƙirƙira shi ba a zamanin XP, sai saƙo ya fito cewa ba a sami mashiga a cikin kernel32.dll ba, ko kuma tun wajen ɗorawa ta ƙi hawa. Da yawa sukan ɗauka tsarin daidaitawa na Windows zai raba gardama, alhali an yi shi ne don tsohuwar manhaja ta iya zama a kan sabuwar Windows. Ba ya ƙara wa tsohuwar Windows abin da ba ta da shi.

Saboda haka kowace manhaja tana da iyakarta. Photoshop, wanda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka soma rubutawa, kamfanin Adobe ya fitar da zubinsa na farko a 1990. Zubi na 7.0 na shekarar 2002 da dukkan jerin CS har zuwa CS6 na 2012 suna hawa kan XP, sai dai CS6 yana bukatar a fara ɗora ƙunshin gyara na uku, wato SP3. Daga 2013, lokacin da Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata mai suna Creative Cloud, an rufe wa XP ƙofa. GIMP, manhajar kyauta da Spencer Kimball da Peter Mattis suka faro a 1995 suna ɗalibai a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta yi zama da XP har jerin 2.8. Zubi na 2.10 na shekarar 2018 ya koma neman Windows 7 zuwa sama. Paint.NET kuwa ya tsaya a 3.5.11 a kan XP.

Babban abin da ke ɗaure mai gyaran hoto a irin wannan kwamfuta shi ne ma'adanar wucin gadi, wato RAM. Mafi yawan kwamfutocin XP masu tsarin bit 32 ne, kuma wannan tsari ba ya iya lissafa fiye da gigabait 4. Cikin waɗannan ma, abin da Windows ke iya amfani da shi bai cika wuce 3 da ɗoriya ba, kuma a bisa al'ada manhaja ɗaya ba ta samun fiye da 2. Ƙara RAM bayan an kai wannan iyaka asarar kuɗi ce. A nan ne girman fayil ke yaudarar mutane. Hoton JPEG daga kyamara mai megafiksel 24 zai iya zama 'yan megabait kaɗan a kan faifai domin a matse yake, amma da zarar an buɗe shi sai ya warware: ɗigo miliyan 24, kowane da launi uku, ja da kore da shuɗi, ya kama kimanin megabait 72. Idan aka yi aiki da zurfin launi na bit 16 ya ninka zuwa 144. Kowace shimfiɗa cikakkiya da aka ɗora a kai tana cin kwatankwacin haka, ga kuma tarihin matakan da manhajar ke adanawa don a iya komawa baya. Kafin a kai shimfiɗa goma wuri ya ƙure, sai Photoshop ya koma zuba ragowar a kan babban faifai, wanda bai kai RAM sauri ko kusa ba. Lokacin ne mai aiki zai ja buroshi ya zauna yana jiran alamar ta bayyana. Maganin da aka sani shi ne rage yawan matakan tarihi, da haɗe shimfiɗun da aka gama da su, da barin sarari mai yawa a faifai, ko ware wa wannan aiki faifai na biyu. Windows 7 mai bit 64 ba ta da wannan ƙunci, kuma Photoshop ya sami zubin bit 64 na Windows tun daga CS4 a 2008.

Katin hoto ma yana da nasa rabon. Tun daga CS4 Photoshop ya soma jingina wasu ayyuka a kansa, kamar juya allon aiki da zuƙowa ba tare da tsalle ba. A kan XP, wasu daga cikin irin waɗannan ayyuka na CS6, har da sashen 3D, ba sa aiki ko kaɗan.

Matsalar da ta fi saurin cimma mutum ita ce ta sababbin nau'o'in fayil. Kowace sabuwar kyamara tana zuwa da nata salon ɗanyen fayil na RAW, kuma Camera Raw, sashen CS6 da ke buɗe irin waɗannan fayiloli, ya tsaya a zubi na 9.1.1 a shekarar 2015. Kyamarar da ta fito bayan nan, ba zai gane fayilinta ba. Wayoyin iPhone sun koma ajiye hoto a tsarin HEIC tun 2017, hotunan intanet da yawa kuma yanzu WebP ne, kuma tsofaffin manhajoji ba su san ko ɗaya ba. Hanyar da ake bi ita ce a sauya fayil ɗin a wata na'ura zuwa JPEG ko TIFF, ko kuma DNG ga ɗanyen hoto, sannan a kawo shi.

A shagunan ɗaukar hoto da na buga takardu a Najeriya da Nijar, inda kwamfutar gwanjo ta fi sauƙin saye, har yanzu ana cin karo da Photoshop 7 ko CS3 ana yanka hoton fasfo da shi, ana tsara katin ɗaurin aure da kalandar biki. Wannan ba koma-baya ba ne a karan kansa. Yanke hoto, sauya bango, gyara haske da share tabon fuska duk ayyuka ne da zubin 2002 ke yi lafiya lau, kuma manhajar da aka yi don kwamfutar zamaninta ta fi sabuwa sauri a kan irin wannan inji. Inda ake tuntuɓe shi ne rubutun Hausa: tsofaffin salon haruffa da dama ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai akwatin wofi ya fito a madadinsu, ko mai shago ya rubuta k a inda ƙ ya kamata. Ɗora salon haruffan da ke ɗauke da su, irin su Charis SIL ko Doulos SIL, yakan taimaka.

Haɗarin gaske yana wajen intanet da filashin da ke yawo daga hannu zuwa hannu. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, har Microsoft ya fitar wa XP gyaran gaggawa duk da ya riga ya sallame ta. Ga mai shagon da hotunan bikin mutane ke hannunsa, irin wannan asara ba ta da madadi. Kwafin Photoshop na sata da ake saukewa daga shafukan da ba a san asalinsu ba yana daga cikin manyan hanyoyin shigar cuta. Shi ma mai kwafi na halal yakan sha wahalar sake ɗorawa, domin Adobe ya rufe na'urorin tantance lasisin wasu tsofaffin zubi, ciki har da CS2. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba kwamfutar da intanet ɗungurungum, a keɓe ta ga aikin hoto, a riƙa kwafe ayyukan a faifai na daban. Wanda dole sai ya hau intanet, gara ya ɗora mata Linux mara nauyi ya yi aiki da GIMP na zamani. Manhajojin gyaran hoto da ke aiki cikin burauza ba su zama mafita sosai ba, tun da Chrome ya tsaya a zubi na 49 a kan XP, a kan Windows 7 kuma a na 109.

A ɓangaren Windows kuwa, GIMP 3.0, wadda ta fito a watan Maris na 2025, ba ta hawa ƙasa da Windows 10, ita ma Windows 10 ɗin wa'adin tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.