Valgrind a PostgreSQL

Valgrind manhaja ce ta binciken kurakurai wadda Julian Seward ya fitar a shekarar 2002. Sashenta mai suna Memcheck yana kama duk shirin kwamfuta da ya karanta ko ya yi rubutu a wani wuri na ƙwaƙwalwa da ba a ba shi ba. Masu haɓaka rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda aka rubuta da yaren C, suna amfani da ita domin irin wannan kuskure na iya tsayar da rumbun ko ya lalata bayanan da ke ciki.

Asalin matsalar

Memcheck na sa ido ne a kan ƙwaƙwalwar da aka karɓa ta hanyar malloc. Shi kuwa PostgreSQL yakan karɓi babban yanki a lokaci guda, sannan ya yanka shi gutsure-gutsure da nasa tsarin mai suna palloc. A wurin Memcheck yankin gaba ɗaya halal ne, don haka idan shiri ya zarce iyakar gutsurensa, ko ya taɓa wanda aka riga aka saki, ba ya ganin laifi. Ƙari a kan haka, mai rabon AllocSet yana ƙara girman ƙaramin gutsure zuwa baiti 8, 16, 32 da sauransu, kuma kuskure na iya ɓuya a cikin rarar.

Gyare-gyare

A shekarar 2013 Noah Misch ya shigar da alamomi cikin tsarin rabon, waɗanda ke sanar da Valgrind iyakar kowane gutsure da lokacin da aka sake shi. Aikin ya fito a PostgreSQL 9.4 a 2014, kuma ana kunna shi da USE_VALGRIND yayin haɗa manhajar.

Kowane gutsure yana da ɗan kai a gabansa mai ɗauke da bayaninsa. A PostgreSQL 16, wanda ya fito a 2023, David Rowley ya rage girman wannan kai zuwa baiti 8, ya kuma sa aka haramta taɓa shi sai a lokacin da mai rabon yake buƙatarsa. Da haka ake kama shirin da ya kauce zuwa kafin farkon gutsurensa.

Iyaka

Shiri kan yi jinkiri kamar sau 20 zuwa 30 a ƙarƙashin Memcheck, shi ya sa a wajen gwaji kawai ake amfani da shi. Haka kuma ba ya gano kuskure sai a layin da gwajin ya bi ta kansa.